Baba Kafaran da Kabarin da Ya Bari a Tonkin

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na shekarar 2025, da hantsi, ina tsaye a bakin titin Huanshi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ina jiran motar da za ta kai ni jami'a, sai wayata ta yi ƙara. Alhasan mai takalma ne. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Malam, tsoho ya tafi." Na tsaya riƙe da wayar har motar ta zo ta wuce ban shiga ba. Allah ne Ya ba mu shi, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa, mu ma duk muna kan wannan hanya.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Kallamu ɗan Sharif shi ne mahaifin Alhasan, mai shagon sarin takalma a kasuwar Zhanxi. Mu nan Baba Kafaran muke kiransa, kafaran kuwa shi ne kofur a bakin mutanen Nijar. An haife shi a wani ƙauye gabas da Mirriya, a ƙasar Damagaram. Takardarsa cewa ta yi an haife shi wajen 1930, shi kuwa yakan ce Nasara ne ya buɗe masa baki ya duba haƙora ya yanke masa shekaru, yadda ake yi wa raƙumi a kasuwa. Yana saurayi Faransa ta ɗauke shi soja, ta kai shi yaƙi arewacin ƙasar da yau ake kira Vietnam, wadda shi har ya koma ga Allah Tonkin yake ce mata. Ya dawo gida da ransa, ya yi noma, ya yi gadin makaranta, ya binne matansa da wasu 'ya'yansa da sa'o'insa kaf. Sannan ya zo ya cika a Guangzhou, tafiyar yini guda daga inda ya yi yaƙi.

Baba, ni ne Sharfaddeen, Bakanon nan da ke koya wa jikokinka da sauran 'ya'yan 'yan kasuwa karatu ranakun Asabar da Lahadi. Ranar da aka fara gabatar da ni gare ka, a ƙarshen 2023, ba ka gani. Yanar ido ta rufe ka, don ita ce ma Alhasan ya ɗauko ka daga gida. Ka laluba ka kama hannuna, ka tambayi garinmu. Da na ce Kano, sai ka sake ni ka ce, "Alhasan, ka rasa wanda zai karantar da jikokina sai bawanmu? Kirga takalman shago kafin ya fita." Na ce maka ai Kanawa ne suka koya wa Damagarawa sa takalmi. Ka yi dariya har da tari. Daga ranar ban sake jin sunana a bakinka ba, sai Bakano.

Hawan jini ya sa likitoci suka yi ta ɗaga aikin idon, watanni suka shuɗe. A wannan zaman ka ƙi kwanciya a gida. Kullum sai an kai ka shago an ajiye maka kujera a bakin ƙofa. Duk takalmin da aka kawo samfuri sai an miƙa maka, ka lanƙwasa shi, ka bi ɗinkin da farce, ka shinshina, sannan ka ce wannan zai kai damina biyu, wannan kuwa ko sallar idi ba zai dawo ba. Ka ce kai ba ka taɓa sa takalmi ba sai a bariki, shi ya sa kake girmama shi. Kalmomi biyu ka koya na Sinanci, lauban da meyo, wato maigida da babu, kuma da su ka yi hira da rabin kasuwar. Mai shara ma lauban kake ce mata. Ranar da matar shagon kusa ta kawo maka shinkafa da kifi ta ga ka ɗauki tsinkaye biyu ka ci tsaf ba tare da ƙwaya ta faɗi ba, ihu ta yi ta kira maƙwabta su zo su gani. Ɗanka da ya shekara goma sha wani abu a ƙasar har yau cokali yake nema. Ka ce a Tonkin ka koya, lokacin da iyayen duk waɗanda ke wurin ba su san juna ba.

Aljihunka ba ya rabuwa da dabino. Yaran ajinmu sun san haka, shi ya sa in an tashi ba sa tafiya gida sai sun biya ta wurinka. Kai ka koya musu fareti a barandar gidanku, kana ba da umarni da Faransanci, suna buga ƙafa har maƙwabtan da ke hawan ƙasa suka kawo ƙara. Yaran da aka haifa a nan, waɗanda Hausarsu ta fi kama da ta baƙi, a bakinka suka fara jin sunayen itatuwa da na tsuntsayen da ba su taɓa gani ba. Abin da na yi shekaru ina fama da shi da allo da alli, kai da dabino da labari ka yi shi. Samarin da suka zo sari kuma, waɗanda kaya suka maƙale musu ko kewar gida ta kama su, sukan zo su zauna a gefen kujerarka. Ba ka yi musu wa'azi. Tambayarsu kake sunan mahaifiyarsu, da abin da take dafawa ranar Juma'a, su yi ta magana har su tashi da sauƙi.

Abu guda ne ka fi alfahari da shi, fiye da lambar da Faransa ta ba ka. Tun da ka dawo daga yaƙi, kai ne mai wankan gawa da auna kabari a ƙauyenku. Alhasan ya ce ba a sara ƙasa sai ka zo ka tsaya ka dubi mahudar rana, ka ja layi da sandarka: kai kudu, ƙafa arewa, mamaci a kan damansa yana fuskantar gabas. Kakan ce a duk tsawon rayuwarka ba ka taɓa karkatar da kabarin Musulmi ko da taƙi ɗaya ba.

Aka yi aikin ido cikin bazarar 2024, aka dace. Mun yi murna, Baba. Aicha, matar Alhasan, ta dafa tuwo ta aika gidaje. Da mun san abin da idon zai nuna maka, ban san ko murnar za mu yi ba.

Duk watannin da ba ka gani, Aicha ce ke shimfiɗa maka darduma, ka hau ka yi salla inda aka ajiye ka. Kwana kaɗan bayan an cire maka bandeji, kana zaune a kan dardumar kana jiran magariba, sai ka ga rana ta tagar da ke gabanka, ja wur, tana sauka tsakanin dogayen gine-gine. Alhasan ya ba ni labarin yadda aka yi. Ka kira shi ka ce, "Wa ya shimfiɗa wannan?" Ya ce Aicha ce. Ka ce, "Yarinyar nan ta juya ni. Wata nawa ina ba alƙibla baya ba wanda ya faɗa mini?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, nan Sin ne. Mun wuce Makka, a yamma take da mu. Kowa nan yamma yake kallo." Ka ce, "Tun daga ina ake wuce ta?" Ya ce shi ɗan kasuwa ne, a bari Malam ya zo.

Washegari na zo da ƙwallon taswirar duniya da nake koya wa yara da shi, ina ta zumuɗi, na samu ɗalibi mai shekara casa'in da ɗoriya. Na ɗora yatsanka a kan Damagaram, na ja shi zuwa Makka, na wuce da shi har Guangzhou. Na yi bayani mai tsawo, har da misalai. Ka saurara har na gama. Sannan ka ce, "Tonkin fa?" Na nuna maka, ga ta nan dab da mu. Ka ce, "Nan ma yamma?" Na ce, "Nan ma yamma, Baba." Sai ka ɗora tafin hannunka a kan ƙwallon, ka daɗe ba ka ɗauke ba. A ranar ka ba ni labarin Ilu.

Ilu ɗan ƙauyenku ne, tare aka yi muku kaciya, rana ɗaya aka ɗauke ku soja. Shi kaɗai ne namiji a wurin mahaifiyarsa Saude. Ranar tafiya ta riƙe maka wuyan hannu a gaban jama'a ta ce ba ta roƙe ka ka dawo mata da shi ba, wannan na Allah ne. Abin da ta roƙa shi ne, in rai ya yi halinsa, kada ka bari Nasara su tura shi rami kamar jaki, ka kwantar da shi da hannunka yadda ake kwantar da ɗan Musulmi, fuskarsa ga alƙibla. Ka ɗauki alkawari.

Aka zuba ku a cikin jirgin ruwa, can ƙasa inda ba taga, kuna ta amai. Ka ce wataƙila a nan kuka wuce Makka ba wanda ya sani. A Tonkin aka ajiye ku a wani ƙaramin sansani a kan tudu, kusa da kogi, ku 'yan ƙauye ne duka, ba malami ko ɗaya a cikinku. Kuka dubi inda rana ke fitowa kuka yi salla, yadda iyayenku suke yi. Wata rana an je ɗibar ruwa aka yi muku kwanton ɓauna, harsashi ya sami Ilu a ciki, bai kai la'asar ba. Aka ba da umarnin a bar sansanin kafin gari ya waye. Kai kuwa sama ta rufe da gajimare, ba ka tabbatar da gabas ba, sai ka ƙi sara ƙasa. Hafsanku yana zaginka, yana cewa zai harbe ka, ka zauna a gefen gawar da shebur a hannu har gefen sama ya yi ja. Sannan ka ja layi, ka haƙa, ka sa kansa kudu, ka juya fuskarsa ga hasken, ka rufe, ka bi sahun 'yan'uwanka da gudu. An cire maka igiyar muƙami a kan wannan, sai daga baya aka mayar.

Da ka dawo gida, kafin ka shiga gidanku gidan Saude ka fara zuwa. Ka rantse mata cewa ka cika alkawari. Ka ce duk shekara in azumi ya zo sai ta aiko a kira ka, ka sake ba ta labarin yadda ka jira rana. Takan ce in ta tsaya salla tana jin sanyi a ranta, don ita da Ilu wuri ɗaya suke kallo. A kan haka ta rasu, kai ka auna kabarinta.

Baba, na yi iya abin da na sani. Na buɗe littattafai na karanto maka abin da malamai suka ce game da wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen neman alƙibla ya kuskure, cewa babu laifi a kansa, kuma ba a tone tsohon kabari don wannan. Na kai ka wurin limami ya faɗa maka haka, ina fassarawa. Alhasan ya kira wani babban malami a Damagaram ka ji da kunnenka. Duk ka gode mana. Da na matsa, sai ka ce, "Bakano, kai shari'a kake faɗa mini, kuma na yarda. Ni kuwa Saude na faɗa wa. Ina zan same ta in gyara maganar?"

Daga nan ka ce ba za ka koma gida ba sai ka je wurin Ilu. Ka san ba za a tone shi ba. So kake kawai ka tsaya a kansa, ka faɗa masa abin da ya faru da bakinka, ka roƙe shi gafara, ka yi masa addu'a kana kallon inda ya kamata. Likitoci ma dama sun ce zuciyarka ba za ta ɗauki doguwar tafiyar jirgin sama ba, don haka zaman ya zo daidai da nufinka.

Ba ka daina alherinka ba. Dabino bai yanke ba, samari ba su daina zuwa ba. Amma fareti ya tsaya. Kuma da wani saurayi ɗan Kumasi ya rasu a masaukinsa, aka rasa wanda ya iya wanka a cikinmu, kai ka sa aka ɗauke ka a kujera, ka zauna kana faɗa mana abin da za mu yi, daki-daki, da tausayi, kana kiran mamacin "ɗana" kamar yana ji. Da aka zo maganar kabari wani ya ce Baba ne zai duba mana daidaiton alƙibla. Ka girgiza kai ka ce, "Ku tambayi mai waya. Ni na bar wannan aikin."

Muka shiga nema. Matsalar ita ce ba ka san sunan wurin ba. Ku sojoji Tudun Sauro kuke ce masa, sunan da kuka raɗa da kanku, ba ya cikin kowace taswira, kuma duk wanda ya san shi ya riga ka tafiya. Abin da ka riƙe shi ne alama: kogi ya yi gwiwa, a hayinsa akwai duwatsu biyu masu tsayi, kamar raƙuma biyu a gurfane suna kallon juna, kabarin yana gindin na dama. Ka ce ko cikin barci aka tashe ka za ka gane su, don babu irinsu a duniya. Mashud, mutumin Ghana mai aika kaya ta jirgin ruwa, wanda kullum yake tsokanarka da cewa zai sa ka a kwantena ya aika Kwatano, shi ya fi kowa ɗaukar abin da zafi. Yana da abokin hulɗa a Vietnam, ya sa shi ya yi ta tambaya, ya turo hotuna. Ka duba ka ce ba nan ba ne. Wani kuma ya ce mana ya ji an taɓa kwashe ƙasusuwan sojojin Faransa an tafi da su Turai, amma ba lalle an kai ga na cikin daji ba. Wannan ban faɗa maka ba, ban ga amfanin ƙara maka wani ba.

Shiga Vietnam ya gagara. In ka fita daga Sin ba tabbas za a bar ka ka dawo, likita kuma ya ƙi sa hannu. Sai Alhasan ya yanke shawarar abin da zai iya: a kai ka garin kan iyaka ta jirgin ƙasa, ko daga nesa ka hangi ƙasar. Muka tafi mu uku a watan Maris na bana, ni ne tafinta. Ka sa farar riga, ka maƙala lambarka a ƙirji, abin da ban taɓa ganin ka yi ba. Tun daga tasha kake raha. Ka ce wa Alhasan in an isa kada ya riƙe ka, da ƙafarka za ka taka.

Bayan mun yi nisa, ƙasa ta fara sauyawa, duwatsu suka fara fitowa daga cikin gonakin shinkafa. Kana jikin taga. Kwatsam ka dafa gilashi ka ce, "Ga su can! Alhasan, ga su can, ga kogin!" Muka leƙa. Duwatsu biyu ne, kamar raƙuma a gurfane. Na ce maka ai har yanzu muna cikin Sin, da sauran tafiya. Kafin in rufe baki ka ce, "A'a, ga su nan dai." Wasu biyu ne. Sai wasu a bayansu. Sai jirgin ya sha kwana, fili ya buɗe, ga su nan har iyakar gani, ɗaruruwa, kowane biyu suna kallon juna, kowanne da ruwa a gindinsa. Ka ci gaba da kallo, bakinka yana motsi. Na tambayi wani fasinja ko haka ƙasar take har hayin iyaka. Ya ce haka take, har ta fi. Ka ce in faɗa maka abin da ya ce. Na faɗa maka.

Ba ka yi kuka ba. Ka cire lambar daga ƙirjinka ka sa a aljihu, ka ce, "Ashe garke ne." Da muka isa garin kan iyaka ka ƙi fita daga tasha. Alhasan ya roƙe ka, ya ce an riga an zo, ko mota a ɗauka a kai ka inda ake hangen hayi. Ka ce, "In hangi me? In yi wa wane dutse sallama?" Muka zauna a kan benci har lokacin jirgin komawa ya yi.

Daga wannan tafiya ba ka sake zuwa shago ba. Abinci ya ragu, magana ta ragu. Matar shagon kusa ta yi ta tambaya ina kaka, ta aiko da miyar kifi, ka sha cokali biyu don kada ta ji kunya. Nakan zo bayan aji in zauna, in tsokane ka da zancen Kano da Damagaram, ka yi murmushi don ka faranta mini, ba don abin ya kai zuci ba.

Ana saura mako guda ka rasu, ka sa aka kira ni, ka ce Alhasan ya zauna. Ka ce ka yafe a kai gawarka gida, a binne ka nan. Sannan ka ce kana da roƙo ɗaya: a sa kanka kudu, a juya fuskarka gabas, yadda ka yi wa Ilu. Alhasan ya ce, "Haba Baba, wace irin magana ce wannan?" Ka ce, "Ni na kwantar da shi haka. Shekara saba'in yana kallon inda ba kowa. In kuskure ne, mu zama mu biyu." Ka juyo gare ni ka ce, "Bakano, kai ne mai karatu. Ka ce to." Na ce maka ba zan iya ba. Na ce kai a wancan lokacin ba ka sani ba, mu kuwa yanzu mun sani, kuma wanda ya sani ba shi da uzurin wanda bai sani ba. Ka daɗe kana kallona da idon nan da aka gyara. Ka ce, "Na san haka za ka ce." Sannan ka juya ga bango. Wannan ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakanina da kai.

Takardu suka riƙe mu kwanaki kafin a ba mu izinin binnewa, abin da ya yi wa Alhasan ciwo ƙwarai, don kai ba ka taɓa barin gawa ta kwana ba in da hali. Muka yi maka wanka yadda ka koya mana a kan ɗan Kumasi. Aka kai ka maƙabartar Musulmi da ke bayan gari da la'asar. Kanawa sun zo, mutanen Nijar sun rufe shagunansu, 'yan Ghana sun zo tare da Mashud, wanda ya yi ta sharar hawaye ba ya ɓoyewa. Kaburburan wurin a jere suke, duka hanya ɗaya, ba mai iya karkatar da ko ɗaya ko da ya so. Ni da Alhasan muka shiga ramin. Muka sa kanka arewa. Da hannuna na juya fuskarka yamma. Na yi abin da yake daidai, kuma da za a sake shi zan sake yi.

Ana cikin zuba ƙasa na ɗaga kai, rana tana sauka ta inda muka fuskantar da kai. Sai na tuna ranar da muka hau jirgin ƙasa, da yamma ta yi a gabanmu rana take. Tonkin yamma take da Guangzhou, Baba, kusan a miƙe. Kai kana kallon yamma, Ilu yana kallon gabas. In har yana nan inda ka bar shi, to yanzu akwai wanda yake kallo, kuma kai ne.

Ni na ɗora yatsanka a kan wuraren nan biyu. Sama da shekara ina zuwa wurinka da littattafai, ban lura da wannan ba sai da ƙasa ta rufe ka. Ban san ko yana da wani amfani ga mamaci ba, ban gan shi a littafi ba, kuma ba zan ce wa kowa hukunci ne ba. Wataƙila ma Ilu ba ya can, wataƙila hanya ta bi ta kansa, ko an kwashe shi zuwa ƙasar da ba ta san sunansa ba. Abin da na sani shi ne, da na faɗa maka wannan a ranar da ka roƙe ni, da wataƙila ba ka juya ga bango ba. Ka tafi ba ka ji ba, kuma babu hanyar da zan bi in isar maka.

Ya Allah, ga bawanKa Kallamu ɗan Sharif ya zo gare Ka daga ƙasar da ba tasa ba. Ka san asubar da ya zauna da shebur a hannu yana jiran haskenKa don ya cika alkawari. Ka karɓa masa da niyyarsa. Ka gafarta masa abin da ya sani da abin da bai sani ba, har da abin da aka sa shi ya yi a yaƙin da ba nasa ba, Ka ji ƙan waɗanda suka mutu a wancan yaƙi ba da hakkinsu ba. Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka saka masa da alheri a kan kowace gawa da ya wanke ya suturta. Ka ji ƙan Ilu a duk inda ƙasa ta ɓoye shi, Kai ba Ka bukatar alamar dutse kafin Ka same shi. Ka ji ƙan Saude. Ka tara su ukun a inda Baba zai iya yi musu bayanin da ya rasa wanda zai yi wa a duniya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Alhasan, wanda ya yi wa mahaifinsa duk abin da ɗa zai iya, har da abin da ya fi ƙarfinsa. Da Aicha, wadda ta yi jinya ba ta taɓa ɗaga murya ba, kuma ina roƙonta ta daina cewa da ta ja labulen tagar nan da ba a kai ga haka ba. Da jikokinsa da sauran ɗalibaina, waɗanda har yanzu in an tashi aji sukan tsaya a ƙofa ba su san inda za su nufa ba. Da 'ya'yansa da danginsa na Mirriya da Damagaram, waɗanda ba su sami ganin gawarsa ba. Da dukkan jama'armu ta Guangzhou. In kuma akwai wanda ya rage daga dangin Ilu ɗan Saude, wannan rubutu ya kai gare shi, ya sani cewa mutumin da ya binne ɗan'uwansu bai yi sakaci ba, kuma da sunan Ilu a ransa ya cika. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen, a duk ƙasar da ya same mu.

Sharfaddeen Muhammad Sani
Guangzhou